Wurinta a Gaban Layi

Kawu Birki bai taɓa dawowa daga hawan keke babu ƙorafi a bakinsa ba. In ba direban da ya buɗe ƙofar mota a gabansa ba, to mai shagon da ya jera kwalaye a kan ɗan siririn layin da aka ware wa masu keke, ko waɗanda suka haƙa titi don saka bututu suka rufe rabi suka yi gaba. Zai rataye keken a ƙugiyar da ya kafa a bangon baranda, ya tsaya da hular kwano a kai yana zayyana wa matarsa laifin mutanen gari, ita kuwa tana yankan albasa tana cewa to, to. A shagonsa na gyaran firji ma haka abin yake. Duk wanda ya kawo firji sai ya ji ra'ayin Kawu a kan masu danna hon kafin ya ji abin da ke damun injinsa.

'Yan ƙungiyarsu, masu fita da kekuna da sassafe duk ƙarshen mako, su suka laƙaba masa Birki, don ko leda iska ta kaɗo kan titi sai ya matse. Sun saba da shi, suna ba shi tazara. Abin bai zama fitina ba sai da 'yarsa ta shigo.

Ita ce babba a gidan, tana koyon aikin jinya, yana kiranta Uwata. Shi ya koya mata keke tun ƙafarta ba ta kai feda ba, shi ya haɗa mata na yanzu da hannunsa. Ranar da ta ce za ta riƙa bin su, ya yi ta washe baki a gaban mutane, ya dawo gida ya kasa cin abinci.

Tafiyar ƙungiya tana da ƙa'ida. Ana jeruwa layi ɗaya, taya dab da taya. Na gaba shi ke shan iska, sauran suna fakewa a bayansa. In ya gaji sai ya kaɗa gwiwar hannu, ya zame gefe ya koma baya, mai bi masa ya karɓa. Kuma na gaba shi ne idon kowa, don na baya ba ya ganin komai sai bayan rigar ɗan'uwansa. In ya hango rami ko fasasshiyar kwalba sai ya nuna ƙasa da yatsa, na bayansa ya nuna, har saƙon ya isa ga na ƙarshe. Ba a tsallake layi, ba a waiwaye. Kyaftin, tsohon malamin motsa jiki da ke jagorantarsu, ya faɗi wannan har bakinsa ya gaji.

Kawu ya fi kowa sanin ƙa'idar. Amma kullum sai ya maƙale a bayan 'yarsa, da zarar layi ya zo kanta sai ya taka da ƙarfi ya sha gabanta ya karɓe. A ganinsa gaba ba wurin yarinya ba ne. Gaba ne ake fara haɗuwa da akuya, da mai babur mai tahowa ta hannun da ba nasa ba, da duk wani marar hankali da aka ba lasin. Kyaftin ya ja shi gefe ya yi masa magana, ya ce ya ji. Ita kuwa ta daina yi masa hira a hanyar dawowa.

Ranar da abin ya faru sun sauko daga gada, a shimfiɗaɗɗen titin da manyan motoci ke bi. Na gaba ya kaɗa gwiwar hannu ya zame. Uwata ta sunkuya ta karɓa. Sai Kawu ya ji gurnanin tirela a baya, ya fita daga layi ya yanko gabanta. Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya waiwaya don ya ga ko tana lafiya. Kafin ya juyo ramin magudana marar murfi yana gaban tayarsa. Ya matse birki, ya kauce, hannunsa bai nuna komai ba. Uwata ta sha da ƙyar. Mai Aski, wanda ke biye da ita, ya faɗa ciki da tayar gaba, ya wuntsila ta saman kan keken ya sauka a kan hannun dama.

Ita ce ta durƙusa ta ɗaure masa hannun da tsohon tub na taya da famfon keke, kafin a samu motar da ta kai shi asibiti. Kawu kuwa yana tsaye a bakin titi yana faɗa. Ya zagi waɗanda suka sace murfin, ya zagi waɗanda suka ƙi mayar da shi, ya bi tirelar da ta daɗe da ɓacewa da baƙar magana, har ya ce Mai Aski ma ya cika manne wa tayar mutane.

Kyaftin ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Kawu, ramin nan ba yau aka haife shi ba. Duk mako muna wuce shi, duk mako wani yana nuna shi. Yau wa ke gaba?"

"Kai ba ka ji tirela ba?"

"Na ji. Wa ke gaba?"

Kawu ya ce shi uba ne, ba zai zuba ido mota ta bi ta kan 'yarsa don a kiyaye wata doka ta wasan yara ba. Kyaftin ya ce to ya yi ubancinsa a gida. In yana son dawowa layi, wurinsa can ƙarshe, ya riƙa buɗe wa masu komowa baya suna shiga gabansa, ba ya jan layi, ba ya tsallake kowa.

Ya iso gida yana huci. Ya sanar cewa daga yau shi da 'yarsa sun bar ƙungiyar marasa imani, sannan ya kwance tayar gaban kekenta ya tafi da ita shago ya cusa bayan wani mataccen firji. Matarsa ta tambaye shi ko ƙafafun yarinyar ma zai kwance ya kai shago. Ya ce mata ba ta san titi ba. Ta ce gaskiya ne, amma ta san shi.

Uwata ba ta yi masa magana a gida ba. A shago ta same shi, yana tsugunne yana hura wuta a bututun wani firji, warin gas ya cika wurin. Ta gaishe shi yadda ta saba, ta jira ya kashe wutar.

"Baba, tayata na zo karɓa."

Ya ce babu. Ya ce ita yarinya ce, ba ta ga abin da ya gani ba, ba ta taɓa ɗaukar abokinta daga ƙarƙashin mota ba. Ta ce a ɗakin haɗari take kwana tana tashi, ta ga abin da ya fi haka, kuma wanda ta ɗaure wa hannu a makon nan ba mota ce ta kayar da shi ba. Ya miƙe tsaye, sifana a hannu, ya tambaye ta ko shi take gaya wa magana.

"Ba magana nake gaya maka ba, Baba. Ma'aikatan asibitinmu suna da tasu ƙungiyar, kuma akwai mai ara min taya. Ko ka ba ni tawa ka hau a ƙarshen layi kana ganina, ko in bi su, ba za ka ma san hanyar da muka bi ba."

Ta tafi ta bar shi. Ya jefa sifanar cikin akwatin kayan aiki da ƙarfin da ya sa mai shagon kusa ya leƙo. Ranar duk wanda ya kawo gyara ya sha faɗa. Ya ɗaura wa wani firji robar ƙofa a juye, sai da ya sake.

Da yamma ya bi ta shagon aski. Mai Aski yana zaune a kujerar da ya saba zaunar da mutane, hannu cikin filasta, injinan aski a jere ba mai taɓa su. Da ya ga Kawu sai ya ce a tsare ƙofa, ga shi ya zo ƙarasa ɗaya hannun. Kawu ya ajiye ledar lemo a kan tebur, ya fara bayanin murfin magudana da lalacin hukuma. Mai Aski ya katse shi, ya ce shi dai tun da yarinyar nan ta shigo yake lura da tafiyarta, ba ta taɓa girgiza ba, ba ta taɓa matse birki babu dalili ba, kuma hannunta ya riga ya fara sauka zai nuna ramin lokacin da wani dattijo ya faɗo gabanta kamar an jefo shi. Kawu ya ce lemon a sha shi da wuri kada ya lalace, ya fita.

Ranar fita, tun gari bai gama wayewa ba matarsa ta ji ƙarar ƙarfe a baranda. Yana mayar da tayar, yana mita a kan wanda ya ƙirƙiro tirela. Ya juya ta ya ga ba ta goga, ya gwada birkin, ya sake gwadawa.

A wurin haɗuwa bai gaisa da Kyaftin ba. Ya ja kekensa ya tsaya a ƙarshe.

Ƙarshen layi wuri ne na wulaƙanci, haka ya gaya wa kansa. Ba ka ganin komai sai gumin wani. Duk wanda ya gama ja ya zamo baya, Kawu ya sassauta ya buɗe masa, layi ya matsa, Uwata tana ƙara kusantar gaba. Suka hau gada, suka sauko. Ya ga hularta ta fito a gaban layi, sannan bayan mutane ya rufe ta. Sai ga gurnanin babbar mota. Ƙafafunsa suka nemi takawa da kansu. Ya damƙe kan keken har yatsunsa suka yi tsami, yana zagin direban a ƙasan maƙoshi, motar ta wuce ta watsa musu iska mai zafi, layin bai karkace ba.

Can sai ya ga hannaye suna sauka ɗaya bayan ɗaya, daga gaba suna tahowa, kowa yatsa a ƙasa ta hannun dama. Saƙon ya iso kansa. Ya saki hannu ya nuna ramin shi ma, ko da yake babu kowa a bayansa, ya kewaye shi yana tsine wa ɓarawon murfin.

Uwata ta daɗe tana jan layi, har ya fara jin haushin Kyaftin da ya bari. Sannan ta zame gefe, ta taho baya a hankali tana haki, fuska duk gumi, har ta zo daidai shi.

"Baba, buɗe min."

Ya ɗaga ƙafa daga takawa, bai taɓa birki ba. Ta shige gabansa.

"Sirdinki ya yi ƙasa," ya ce da bayan rigarta. "Tun daga gada nake gani. In mun koma gida zan ɗaga shi."