Fentin Malam Haliru

Motar Baba ba kyakkyawa ba ce, ni kuma ban taɓa nema mata kyau ba. Ta fi shekara talatin a hannunsa, tun yana aikin gwamnati a Gusau. Da ya rasu ta dawo hannuna da tsatsarta, da ƙofar bayan nan da sai an tokare ta da gwiwa take rufuwa. Abokan aikina akwala suke ce mata, ba na musu. Duk Alhamis da ita nake zuwa Tsafe in ɗauko Inna a yi mata wankin ƙoda a asibitin Gusau, in mayar da ita kafin la'asar, don ta rantse ba ta kwana a ɗakin da ba nata ba. A hanyar nan 'yan bindiga suna tare motoci, kuma suna da masu kai musu labari a tasha da bakin kasuwa. Saboda haka munin mota rufin asiri ne. Duk wanda ya gan mu a cikinta sai dai ya tausaya mana.

Birki ne ya fara tsorata ni. Wata Alhamis na taka shi ya tafi ƙasa sululu, sai da na yi ta bugunsa kafin ya kama. Inna tana baya tana jan carbi, ba ta san me ake ciki ba. Ga lagireto kuma ya koyi tafasa. Washegari na kai ta Bungudu wurin Malam Haliru, bakaniken da yake yi wa Baba gyara tun ban san hannun damana ba. Baba ne ma ya saya masa akwatin sifana na farko.

Har sau biyu na faɗa masa: "Baba Haliru, birki da lagireto kawai. Jiki a bar shi yadda yake."

"Na jiya, ɗana. Tahi abinka."

Ranar Laraba na koma, na tsaya a ƙofar gareji ina neman motata alhali tana gabana. Fara fat, sai sheƙi take yi. An buge duk wata lotsawa, an goge ƙarafan gaba har mutum yana ganin haƙoransa a ciki. Ƙofar baya ma da yatsa ɗaya ya rufe ta don in gani.

"Ranar da Alhaji yaz zo da ita nan, haka take," in ji shi. "Ba ni barin ta hita hannuna awa kwandon shara. Kuma kak ka yi min zancen biya, wanga tsakanina da marigayi na."

Raina ya ɓaci har na ji ɗaci a bakina. Amma ta ina zan fara? Dattijo ya yi kwana biyar yana shaƙar fenti, idonsa ya cika da ƙwalla, maƙwabta sun taru suna sambarka. Na durƙusa na yi godiya, na karɓi makulli.

Birki ya kama garau, wannan kam ba ƙarya. Sai dai daga Bungudu zuwa Gusau babu wanda bai bi ni da kallo ba. A gidan mai har Alhaji aka ce mini, ni da ko filin jirgi ban taɓa raka wani ba.

Matata Suwaiba ta leƙo ƙofar gida ta dubi motar, ta dube ni.

"Da wagga za ka Tsahe gobe?"

Na riga na juya maganar ta ko'ina. Inna ba ta iya matsin motar haya, in an gama wankin ko zama da ƙyar take yi. Aron mota kuwa, kana ambaton hanyar za a ce maka injin yana ɗan ƙara. In kuma na fasa zuwa, kafin Asabar ƙafafunta sun kumbura, numfashi ya fara gagararta. Na taɓa gani sau ɗaya, ba na son in sake.

Da gari ya waye na fito da bokitin laka da wani dutse mai kaifi. Na shafa lakar, ba ta yi komai ba, sai motar ta zama ta mai kuɗin da ya dawo daga gona. Na ɗauki dutsen na dafa ƙofar direba, na ja. Ƙarar ta shiga mini har cikin haƙori. Na sake ja.

Ina cikin na uku babur ya tsaya a bayana. Malam Haliru ne, rungume da murfin taya ɗaya da ya rage bai gama gogewa ba jiya. Tun daga Bungudu ya yi sammako ya kawo mini.

Ya dubi ƙofar, ya dubi hannuna. Kunya ta kama ni, na ji da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Baba, yau Alhamis," na ce. "Inna zan ɗauko."

Ya ajiye murfin a ƙasa, ya naɗe hannun rigarsa.

"Kawo nan. Haka kaka yi, kowa ya san da gangan na. Tsohuwar mota ba nan taka cin jiki ba. Samo min baƙin mai da yashi."

Ya durƙusa a gindin taya ya fara daga ƙasa, inda tsatsa take fara kamawa, yana yi a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Wajen awa guda yana aiki bai ɗago ya dube ni ba. Da ya gama ya koma baya, ya kama ƙofar bayan nan da hannu biyu ya danna ta ƙasa da duk nauyinsa har ta karkace.

"Tahi," ya ce. "Rana na yi. Ka gaishe min da Hajiya."