Filin Kokowar Alkasum

Duk wanda ya san kokowa a Damagaram ya san Alkasum ɗan Droum. A zamaninsa ya kai wasan ƙarshe na neman takobin da ake ba zakaran kokowa na ƙasa, aka kayar da shi ana dab da tashi. Tun daga ranar mutane suka laƙaba masa suna Saura Ƙiris. Bayan haka gwiwarsa ta hagu ta lalace, ya bar fili, ya kama tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, yana ɗauko wa magina yashi.

Sai dai kokowar ba ta fita daga ransa ba. Ya ƙudura zai buɗe wurin horar da 'yan kokowa, nasa na kansa, mai son koyo ya zo ya biya kuɗin wata. Surukinsa ya ara masa fili a bayan Garin Malam, jikin duwatsu. Alkasum ya kewaye shi da katanga, ya sa ƙofar ƙarfe. Daga nan aikin ya ƙi ƙarewa. Ya zuba yashi, ya taka, ya ce akwai tsakuwa, sai an tankaɗe. Aka rubuta masa allon suna, ya ce rubutun ya karkace. Ya ce sai ya yi rumfar kwano. Ya ce sai ya je Yamai ya yi formasiyo, wato kwas, ya samo takardar difilom, don kada wani ya tambaye shi wa ya ba shi izini. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ƙofar na nan da kwaɗo.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani ƙaton mutum ya yi sallama a ƙofar gidansa. Ya ce sunansa Idirisu, manomi ne daga Takieta, kuma ɗan kokowa. An cire shi daga cikin 'yan wasan jaha.

"Mushe Garba ya ce ba ni da kai," in ji Idirisu. "Ƙarfi akwai, amma kullum ta gefe guda ake kayar da ni. Aka ce in zo wajenka, Yaya."

Mushe Garba, wato Malam Garba a bakin 'yan boko, shi ne mai horar da 'yan wasan jaha, kuma tsaran Alkasum ne. Alkasum ya dubi yadda baƙon ya tsaya, ya ga ƙafar dama tana gaba fiye da kima. A take ya gane ciwon. Har bakinsa ya buɗe zai faɗa, sai ya tuna yashin da ba a tankaɗe ba.

"Wurin bai kammala ba," ya ce. "Ka dawo bayan girbi."

Idirisu ya yi godiya ya tafi. Ummul Khairi, matar Alkasum, tana tsakar gida tana tace waken awara, ta ji komai.

"Baban Fati, wane girbin? Na bara ma haka ka ce wa mutanen Damagaram Takaya."

"Ke ba ki san abin ba. In na buɗe da rabi, dariya za a yi mini."

"Ranar da na fara awara ba ni da ko teburi. A kan tubali na ɗora kasko, ta farko ta ƙone, maƙwabta suka yi dariya. Yau su ne ke aiko da kwano." Ta matse ƙyallen tata da ƙarfi. "Filin Baba ne. Jiya ya tambaye ni ko awaki kake shirin kiwo a ciki."

Alkasum ya saka takalmi ya fita.

Washegari da la'asar yana filin shi kaɗai, yana tankaɗe yashi da rariya, sai ga Mushe Garba a kan babur. Ya shigo yana waige-waige, hannuwa a baya kamar mai duba aikin gwamnati. Ya bubbuga katanga, ya shuri yashi da takalmi.

"Ka yi ƙoƙari, Saura Ƙiris. Amma katangar nan gajera ce."

"Zan ƙara mata."

"Ba rumfa."

"Tana zuwa."

"Takarda fa?"

"Zan je Yamai."

Mushe Garba ya yi murmushi. "Ko ka je ka dawo, me za ka koya musu? Wanda bai taɓa riƙe takobi ba? Ka zo wajena, muna neman mai kula da ruwa da kayan 'yan wasa. Aƙalla za ka riƙa shiga fili."

Alkasum ya tsaya da rariya a hannu. Shi Garban nan ko wasan kusa da na ƙarshe bai taɓa kaiwa ba. Kuma ga shi da bakinsa ya faɗa: ko an ƙara katanga, ko an yi rumfa, ko an kawo difilom, maganar ba za ta canza ba. Ashe duk wahalar nan da yake sha, bakin irin su Garba yake son toshewa, bakin da ba zai toshu ba. Ransa ya ɓaci, rabi da Garba, rabi da kansa.

Ya jefar da rariyar.

"Mushe, gobe da safe zan buɗe."

"Da wa?"

"Da wanda ka kora."

"A wannan kangon?"

"A wannan kangon. In kana so ka zo ka yi kallo, ƙofa a buɗe take. Ruwan kuma ka nemi wani ya ɗaukar maka."

Mushe Garba ya hau baburinsa yana dariya. Kafin ƙararsa ta ɓace Alkasum ya ciro waya ya kira Idirisu, don kada ya kwana ya sake tunani.

Idirisu ya iso da hantsi a motar kasuwa. Labari ya riga shi zuwa, domin Mushe Garba ya baza shi a majalisar masu shayi. 'Yan kabu-kabu da magina da masu zaman banza sun jeru a kan duwatsu suna leƙen cikin katanga.

Abin bai tafi yadda Alkasum ya daɗe yana tsarawa a ransa ba. Ya fara bayani, harshensa ya sarƙe, ya maimaita magana guda har Idirisu ya rasa inda aka dosa. Sai ya tuɓe riga ya ce, "Zo ka kama ni." Suka sarƙe. Gwiwar nan ta hagu ta ba da shi, Idirisu ya tsinci kansa a kan malaminsa, tsakuwa ta yanki Alkasum a gwiwar hannu. Aka kwashe da dariya daga kan duwatsu.

"Saura ƙiris!" wani ya ƙwala.

Alkasum ya miƙe, ya tofar da yashin da ya shiga bakinsa. Ya ɗaga kai ya dubi masu dariyar ɗaya bayan ɗaya.

"Na faɗi, kun gani. Mai son ya ga na biyu ya sauko ya gwada da kansa."

Ba wanda ya sauko. Ya juya ga Idirisu, wanda ke ta ba da haƙuri.

"Bar haƙurin nan. Mayar da ƙafar damarka baya. Ƙara. To, kama ni."

Wannan karon da Alkasum ya kai hannu ga ƙafar, bai same ta ba. Idirisu ya tsaya cak, ya dubi ƙafarsa kamar yau ya fara ganinta.

"Shi ke nan abin?"

"Wannan farkonsa ne. Sake."

Suka yi ta yi har rana ta take, ba inuwa sai ta katanga. Da za su tashi Idirisu ya tambayi abin da zai biya. Alkasum ya daɗe yana lissafin wannan ma bai tsayar ba. Ya faɗi abin da ya zo bakinsa, suka shirya a kan rabi yanzu, rabi gero bayan girbi.

Da kaka aka yi kokowa a Takieta. Idirisu ya kayar da mutum biyu, na uku ya kayar da shi, amma ba ta gefen da aka saba ba. Masu kallo sun lura. Sati bai zagayo ba wasu samari daga Droum suka zo, sai wani mahauci daga Zango, sai ɗaya daga cikin 'yan kabu-kabun da suka yi dariya, yana sunkuyar da kai. Wasu sun daɗe, wasu suka ga rana ta yi yawa suka gudu.

Mushe Garba ya aiko a gaya wa Alkasum cewa duk wanda ya yi horo a wurin da ba takarda, kada ya sa ran shiga cikin 'yan wasan jaha. Ɗan aiken ya tarar da Alkasum tsugune yana gyara wa mahaucin tsayuwa.

"Ka gaishe da Mushe," in ji Alkasum, bai ko ɗago ba. "Ka ce masa takarda zan nema in na samu sarari. In lokacin zaɓen 'yan wasa ya yi zan kawo mutanena fili. Ya kawo nasa, jama'a su gani."

Ɗan aiken ya ɗan tsaya ko akwai ƙari. Alkasum ya dafa ƙugun mahaucin ya ce masa ya ƙara sunkuyawa.