Injin Motar Maikano

"Ku sassauta a hankali," in ji Maikano. "Kada wanda ya saki sai na ce."

Ni da Buba da wasu maƙwabta muna riƙe da igiyar. Injin yana reto a reshen tsamiyar da ke tsakanin ƙofar gidana da ta Maikano, baƙi ƙirin, yana ɗigar da mai. Shi kuwa ya sunkuya a gaban motar yana saita shi da hannu. Sai muka ji igiyar ta tsinke. Muka zube da baya, injin ya karkato ya daki ƙirjinsa kafin ya faɗa mazauninsa.

Maikano ya zube zaune a ƙasa, dafe da ƙirji. Da numfashinsa ya dawo sai ya yi murmushi.

"Gefe kawai ya shafe ni. Kun ga ma ya zauna inda nake so."

Buba ya ɗauki guntun igiyar yana dubawa. Shi ya kawo ta daga rugarsu ta Burumburum, da hannunsa ya tufka ta da fatar shanu.

Maikano maƙwabcina ne a Tudun Wada tun da ya dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa, inda ya koyi tuƙi da gyara. Ni tela ne, kekena yana zaure, don haka duk abin da yake yi a idona yake yi. Motar tasa ƙarama ce, wani Bature mai haƙar kuza a Riruwai ya sayar masa da zai koma ƙasarsu. A lokacin babu wata mota a garin sai ita, in ban da manyan motocin gyaɗa masu wucewa.

Daminar da ta gabata aka kawo matar Buba, Barakatu, naƙuda ta yi mata tsanani. Maikano ya ɗauke su zuwa asibiti a Kano. A mashigin wani rafi motar ta nutse cikin yashi. Ya taka totur iya ƙarfinsa, Buba ya tura, matafiya suka tura, motar tana kuka amma ta kasa fita. A nan bakin rafin Barakatu ta cika.

Buba bai taɓa ɗora masa laifi ba, ya ce kwana ne ya ƙare. Amma Maikano bai huta ba, ya ce da injin motar yana da ƙarfi da ta fita. Ya yi ta cigiya har ya samu injin wata akori-kura da ta kife a hanyar Bebeji, aka ɗauko masa a amalanke.

Da yamma a ranar da igiyar ta tsinke, ya shigo zaurena yana dafa bango. Ya yi tari a tafin hannunsa, ya yi saurin shafewa a wando. Na riga na ga jinin.

"Maikano, mu nemi motar gyaɗa gobe mu tafi Kano."

"Malam Sale, hadari ya fara haɗuwa a gabas. In ruwa ya sauka ban gama ba, wa zan ba amsa?"

"Ranka ya fi mota."

"Bari na gama ɗaurawa, sai na kai kaina da kaina." Ya riƙo hannuna. "Abu ɗaya nake roƙonka. Ko me ya faru, kada Buba ya ji cewa daga nan ne. Ka ce tsohon tarina ne na soja."

Aikin ya fi yadda ya zata. Injin ya ɗan fi mazauninsa a motar girma, sai da ya yanke ƙarfe, ya matsar da lagireto gaba, ya sa maƙeri ya buga masa sababbin ƙafafun da zai zauna a kai. Yana ɗaura noti ɗaya sai ya jingina da taya yana haki. Matarsa Safara'u takan leƙo daga soro da kwanon kunu, ta koma da shi ba a taɓa ba. Wata rana ta aiko matata ta ce in yi masa magana, wai a zaune yake kwana don ba ya iya kwanciya a kan haƙarƙarinsa. Na yi maganar. Ya miƙo min sifana ya ce in riƙe masa.

Ranar wata Laraba da hantsi motar ta tashi. Ƙarar ta canza, ta yi kauri, har kajin unguwa suka watse. Ya ce in shiga. Muka nufi rafin bayan gari, inda yashi ya fi zurfi, ya shiga da ita ba tare da ya yi jinkiri ba. Ta yi ɗan layi, ta watsa yashi baya, ta haye gaɓa. Ya juyo ya sake ƙetarawa.

"Ka ji ta?" ya ce. "Yanzu ko da mutum biyar a ciki za ta fita. Sai dai burkin ya yi mata kaɗan, gobe zan duba shi."

Leɓunansa sun yi fari. Da muka iso ƙofar gida ya kashe ta, amma bai iya fitowa ba. Mu muka ɗauke shi zuwa ɗaki.

A nan ne muka tsaya muna kallon juna. Ga mota cike da mai, ga hanyar Kano a bushe, amma duk garin babu wanda ya san inda ake taka ta. Na zauna a kujerarsa na riƙe sitiyari, na dubi ƙarafan da ke ƙasa, na fito. Wani ya tuna da Ladan, direban motar gyaɗa da ke zaune a Ƙafin Maiyaki. Lado mai faci ya hau keke ya tafi kiransa.

Maikano yana jingine da jikin Safara'u, numfashinsa yana fita da ƙara.

"Malam, ka daure, direba yana hanya," ta ce masa.

"In ya zo," in ji shi a hankali, "ku ce ya fara taka burki tun da nisa."

Daga nan sai salati. Ya rasu ana kiran la'asar. Ladan ya iso a bayan keken Lado muna auna likkafani a zaurena. Ya cire hula, ya tsuguna.

Buba ma ya iso, labari ya same shi a kasuwa. Ya ja ni gefe.

"Malam Sale, ka gaya min don Allah. Igiyata ce?"

"Tsohon tarinsa ne na soja. Ya daɗe da shi."

Ya dube ni har na sunkuyar da kai. Bai sake tambaya ba, sai ya ce yana so ya taya mu wanka, liman ya ce babu laifi.

Ni nake zuba ruwa, Buba yana wankewa. Da ya yaye zanen ya ga ƙirjin, hannunsa ya tsaya. Shatin ya yi baƙi tun daga kafaɗa har haƙarƙari. Ya ɗauki hannun daman Maikano, ya shafa sabulu, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Baƙin man da ke ƙarƙashin faratan ya ƙi fita. Liman ya ce a bar shi haka, rana tana tafiya. Buba ya gyaɗa kai, amma bai saki hannun ba, ya miƙo min butar in ƙara ruwa.