Libar Giya ta Keken Baba

…kuma wai shi ne zai zaɓa. Shi, Auta, da wannan hannun.

Yana tsugune a shagon tsohon da ke sayar da kayan keke na hannu, an zazzage masa kwalin liba a gabansa. Irin na da, waɗanda ake ɗaurawa a kan keke a tura da babban yatsa, giya ta canja. Wasu sun yi tsatsa, wasu har yanzu suna ƙyalli. Irin su ne kawai ke shiga keken Baba, na zamani ba sa kama wayarsa.

Da babban yatsa. Abin dariya.

Nasa na dama yana nan a sandare, faffaɗa, ba farce, ba ya lanƙwasuwa. Yaya ne ya mayar da shi haka — a kan bencin aikin Baba, satin da aka binne Baba, don kawai shi Auta ya ɗauki keken ya zaga unguwa. Gwiwar Yaya a kan damtsensa. Gudumar Baba ta ɗaga a hannun Yaya… ai bai zaci za ta sauko ba. Wa zai zata? Ƙarar ma ba mai yawa ba ce, kamar an taka busasshen kara. "Gobe ma ka ƙara taɓawa."

Yanzu ga Yaya ya dawo bayan shekaru, ba aiki, ba ko takalmin kirki, ya samu ɗaukar kaya a keke. Inna ta kira Auta ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. Ka gyara wa yayanka keken nan, ɗan albarka, ai ciki ɗaya kuka fito. Ciki ɗaya! Ita da ta naɗe hannun da tsumma ta ce wa mutane ƙofa ce ta datse shi. Ƙofa…

Ga wannan. Ƙarfe ce zalla, mai nauyi, tana tafiya sumul ta tsaya inda aka tsayar da ita. Da hagu yake gwadawa, ya saba. Baba zai so wannan, shi da yake canja giya ba ka ji ko motsin sarƙa.

Ga kuma wannan. A ido ta fi kyau ma. Amma cikinta ya cinye, in ka tura sai ta yi kamar ta kama, can kuma ta saki da kanta. Ba za ta saki a fili ba, a'a. Sai a hawan gada, lokacin da mutum ya miƙe tsaye a kan feda, kaya jibge a baya, ya danna da dukkan ƙarfinsa — sarƙa ta zame, ƙafa ta tafi wofi, ƙirji ya daki ƙarfe, keke ya juya gefen titi. Gefen da manyan motoci ke bi. Wa zai ce wani abu? Tsohon keke ne. Ƙaddara ce.

Yana ganin abin a ransa. Tayar baya tana ta juyi ita kaɗai. Tayar motar ta hau hannun nan, hannun da ya riƙe gudumar, ta bi ta kan yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, a hankali, ya ji kowanne… ta wuce kafaɗa, ta wuce bakin nan da ya yi masa murmushi jiya ya ce, "Auta, ka yi ƙiba." Ka yi ƙiba! Ya miƙo hannu suka gaisa, ya matse tafin da yatsan a ciki, bai ko dubi ƙasa ba. Ya manta ne? Ana manta irin wannan? Ko kuwa yana sane, kallon ne ba ya iyawa…

"Maigida, za ka fasa min kaya," in ji tsohon. "Ba kan maciji ba ne, sassauta."

Sai yanzu ya ga ya damƙe lalatacciyar libar har bakinta ya huda masa tafi. Jini yana gangarowa, yana bin wuyan hannu, yana shiga hannun riga. Babu zafi. Gumi ne kawai, da numfashi kamar wanda ya yi gudu.

To, in motar ta bi ta kansa, sai me? A kawo shi a rufe da zane. Inna ta faɗi. Mutane su cika gida, shi Auta ya zauna a tabarma yana karɓar gaisuwa da wannan hannun, kowa ya kama ya saki. Shi kuma Yaya ya tafi abinsa, idonsa a rufe, bai kalla ba. Har abada bai kalla ba.

Ashe ba mutuwarsa… kallon yake so. Yaya ya riƙe yatsan, ya juya shi, ya ce ni ne. Shi ke nan. Kuma Yaya ba zai taɓa…

"Wacce zan naɗe maka?"

Biyun suna tafinsa, duk sun ɓaci da jini. 

"Bari tukuna, baba," ya ce. "Bari in ɗan zauna."