Da Rufin Asiri, 'Yata

Tun da ɓarin jikin matarsa ya shanye, gidan ya yi shiru irin wanda ke shiga kunne ya zauna. A da ita ce bakin gidan. Ita ke ciniki da mai ruwa, ita ke sa-in-sa da mai gidan haya, ita ke amsa sallama tun baƙo bai kai ƙarshenta ba. Shi kuwa mai gyaran keken ɗinki ne, yakan wuni da kwalbar mai da tsumma bai ce uffan ba, har takan ce masa, "Maigida, kai ran da ka mutu sai mun taɓa ka za mu gane." Yanzu magana ta ɗauke mata. Idanunta kaɗai suka rage, suna bin sa daga ƙofa zuwa taga kamar masu saƙon da suka rasa ɗan aike.

Likita ya ja masa kunne a kan wata ƙwaya mai hana jini daskarewa. Ya ce kada ta tsallake, don in ciwon ya dawo, na biyu ba ya zuwa da wasa. Ƙwayar ba ta kai maɓallin riga ba, amma kuɗinta sun fi ƙarfin aikin hannunsa. Ya sayar da tsofaffin kekunan da yake cire wa kayan gyara, ya sayar da agogon bango. A safiyar nan ya ba ta ta ƙarshe, ya girgiza kwalbar bai ji komai ba.

Mai kantin magani ne ya gaya masa akwai ofishin tallafi a bayan asibiti. Ya roƙi matar maƙwabci ta riƙa leƙa mara lafiyar, ya goge rigarsa mai kyau, ya tafi.

Ofishin ɗan ƙarami ne, ƙofarsa a buɗe, fanka na juyawa a kasalance. Wata matashiyar ma'aikaciya mai tabarau ta nuna masa kujera, yatsunta na kan na'ura. Ya ce mata maganin matarsa ya zo nema.

"Sannu, Baba. Yaya mai jikin?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

"Sana'a fa?"

"Ana taɓawa."

"Akwai 'ya'ya masu aiki?"

"Akwai namiji, yana wani gari."

"Yana taimakawa?"

Ya tuna yadda wayar ɗan nasa ke ringi har ta gaji ta katse, da yadda shi kuma yake ci gaba da magana shi kaɗai, waya a kunne, don uwar ta ɗauka an amsa.

"Yana ƙoƙari. Allah ya yi masa albarka."

"To, zaman gida gaba ɗaya, yaya yake?"

"Da rufin asiri, 'yata."

Ta ƙwanƙwasa na'urar, ta ɗago da murmushin gajiya. "Shi ke nan, Baba. Na sa ku a layin jira. Masu gaggawa muke fara sallama, ku kuma za a kira ku nan da 'yan watanni."

Ya yi godiya, har da addu'a. Da ya fito sai ya zauna a bencin da ke bakin ƙofa. 'Yan watanni! Alhali gobe da safe babu abin da zai sa mata a baki.

Wata mata mai jiki, da jakar takardun asibiti a cinya, ta matso kusa da shi.

"Baba, ku yi haƙuri, kunnena ba shi da murfi. Neman aure kuka zo ko neman magani?"

Ya dube ta bai gane ba.

"Da sauƙi, ana taɓawa, yana ƙoƙari. Wallahi har na ce bari in tashi in roƙe ku na mota."

"Ai gaishe ni ta yi, na amsa."

"Wace gaisuwa? Duk abin da kuka faɗa cikin na'urar can ya shige, ita kuwa na'ura ba ta san kara ba. Kun ce da sauƙi, ta rubuta da sauƙi. Ni wancan zuwan, har hudar da ke gindin tukunyata sai da na ba ta labari."

Ya sunkuyar da kai. "Ba zan iya tsiraita ɗana a gaban baƙuwa ba."

"To ku rufa masa asiri, ita kuma baiwar Allah a rufa mata ƙasa?"

Tana faɗa ta dafe baki, ta san ta zarce. Kafin ta ba da haƙuri aka kira ta wani ɗaki, ta tashi tana waiwaye.

Ya rage shi kaɗai. Mutane na wucewa bibbiyu, wannan riƙe da hannun wancan, shi kuwa wadda za ta shiga ta yi masa bayani tana can kwance tana kallon rufin ɗaki. Ya ji kewarta ta taso masa, kewar mutumin da ke raye, wadda ta fi kowace ciwo. Ya miƙe ya koma cikin ofishin.

"Baba, an manta wani abu ne?" in ji ma'aikaciyar.

Bai zauna ba. Ya kafa ido a kan gefen teburin.

"Babu sauƙi. Ba ta magana, ba ta tashi. Maganin ya ƙare yau. Aiki babu, kowa ɗinkakkun kayan kanti yake saya. Ɗana kuma ba ya ɗaga wayata."

Ta cire tabarau ta ajiye. "Haba, Baba. Ni abin da aka gaya mini nake rubutawa." Ta share, ta sake bugawa, sannan ta miƙa masa wata takarda da hannu biyu. "Ku kai tagar magani, za su ba ku na wata guda yanzu. Sauran kuma zan bi muku."

Ya taka har gida da ƙafa, 'yar ledar a ƙirjinsa, yana jin kamar duk titin ya ji abin da ya faɗa. Ya tarar matar maƙwabcin ta tafi. Ya ajiye kwalbar inda matarsa za ta gani, ya zauna a bakin gado.

Ta dubi kwalbar, ta dube shi, girarta ɗaya ta ɗaga da tambaya.

Ya buɗe baki zai ce yaron ne ya aiko, sai ya fasa.

"Roƙa na yi," ya ce.

Hannunta mai lafiya ya lallaɓo a kan zanin gado har ya sami nasa, ya riƙe gam.