Mundayen Hansai

Mutumin da ya fara karɓar kuɗi don ya koyar da ƙirar azurfa a garinmu shi ne Malam Maitama ɗan Abdulmutallib, a ranin shekarar da aka sauya takardun naira. Kafin shi ba a taɓa yi ba. Shi a gaban mahaifinsa ya koya, mahaifinsa kuma a gaban nasa mahaifin, kuma a tsarinsu yaro yakan yi shekaru yana zuga wuta yana tankaɗe toka kafin a yarda ya taɓa farin ƙarfe. Bare kuwa ba a zaunar da shi a maƙera.

Ba son ransa ne ya kai shi ba. Amare sun koma wa sarƙoƙin kanti masu ƙyalli da arha, babbar gonarsa ta daji ta gagara zuwa saboda 'yan bindiga, 'ya'yansa maza kuma sun tafi Kaduna neman abinci. Da ya ji cewa a Funtua ana buɗe ajin ɗinki da na haɗa sabulu ana biyan mai koyarwa, sai ya sa aka yi sanarwa a masallaci. Samari suka zo, yawancinsu masu takardar makaranta ne marasa aiki. Babbansu Talha, ɗan acaɓa ne daga Kafur.

Makon farko ya ba su zuga-zugi. A mako na biyu Talha ya ajiye, ya ce, "Baba, wata uku muka biya. In hura wuta ce, ai iyayenmu mata sun koya mana kyauta."

Malam Maitama ya ga gaskiyarsu, amma ba shi da azurfar da zai ba su. Amininsa Ɗanasabe, mai zubin tukwanen sanholo a bakin kasuwa, ya ba shi shawara ya koya musu da sanholo, tunda ko ya lalace ba asara, shi ma zai ba shi buhu guda.

"Ni ɗan Abdulmutallib in narka murfin tukunya a maƙerar ubana?" in ji Malam Maitama.

"To, ranka ya daɗe, Sarkin Azurfa, sai ka narka girman kan, mu ga ko zai yi zobe."

Suka yi dariya, amma bai karɓi buhun ba. Hujjarsa ita ce hannun da ya saba da sanholo ba ya sanin zafin azurfa, kuma ba a taɓa jin maƙerin fari ya fara almajirinsa da ƙarfen tukunya ba.

Matarsa Hansai tana da mundaye biyu masu nauyi, gadon mahaifiyarta, waɗanda aka zuba da tsofaffin sulalla tun zamanin Turawa. Ba ta sa su ko a biki. Su ne ajiyar gidan, kuma kowa a gidan ya san an bar su ne domin shekarar da komai zai ƙare. Ya roƙe ta aronsu. Ya yi mata bayani cewa azurfa ba ta mutuwa a wuta: za a narka, yara su yi zobba, a sake narkawa, in an gama ya zuba mata su yadda suke. Daga baya ta ɗauko su daga ƙasan adaka, ta ce sharaɗinta ɗaya ne, su dawo kafin lokacin sa taki.

Abin da ya faɗa gaskiya ne a hannun maƙeri, domin maƙeri yana shimfiɗa fata a cinyarsa ya tare garin da magagari ke zubarwa, kuma ba ya zubar da toka sai ya tankaɗe ta. Wannan ne ake koyo a shekarun zuga, su kuwa samarin sun tsallake su. Suna goge zobe suna hure garin da baki. Ɗigon narkakkiya ya faɗa cikin gawayi, da yamma a kwashe tokar a watsa a bola. Wani ya tafi da zobensa ya nuna wa budurwarsa, ya dawo ya ce ta ƙi cirewa, Malam Maitama kuma ya ji kunyar aikawa a karɓo.

Da ya ɗora abin da ya saura a sikeli, ya ga ya yi sauƙi ƙwarai. A nan ne ya yi abin da ba a taɓa yi a gidansu ba: ya yanki jan ƙarfe ya jefa a cikin narkin don nauyi ya cika. Ya ce wa kansa zai maye da azurfa in sabbin ɗalibai sun zo. Bayan 'yan makonni nauyin ya sake raguwa, ya sake ƙarawa.

Sabbin ɗalibai ba su zo ba. Ruwan farko na sauka tsofaffin ma suka watse, wasu gona, Talha ya koma kan babur ɗinsa, ya ce sana'ar tana da kyau amma ba ta da masu saye. Malam Maitama ya zuba mundayen, ya yi musu zanen da suke da shi a da, ya dafa su da tsamiya har suka yi fari, ya mayar wa Hansai. Ta juya su a hannu, ta yi godiya, ta mayar adaka.

Masarar 'yar gonarsa ta bayan gari ta kai gwiwa ta fara rawaya, taki kuma ya yi tsadar da kuɗin ajin ba su kai rabin buhu ba, ga shi an riga an ci su. Hansai ta ce shekarar da ake ajiya dominta ta zo. Ya ce ta dakata, ta tambayi dalili, ya tashi ya fice. Ranar kasuwa ta ɗauki mundayen ta shiga mota zuwa Funtua.

Dillalin azurfar da ta samu dattijo ne. Ya goga munduwa a dutse, ya dubi zanen da ya fito ja, ya sake gogawa. Ya tambaye ta daga ina take, ta faɗa. Sai ya ce zubin dai na gidan Abdulmutallib ne, ya san hannun, amma abin da ke ciki rabinsa jan ƙarfe ne, ba zai saya ba, kuma yana ba ta haƙuri.

Ta dawo bayan la'asar, ta same shi a maƙera babu wuta. Ta ajiye mundayen a gabansa.

"Malam, da ka gaya mini sun ragu, da na karɓi ragowar. Ko munduwa ɗaya ce, ta uwata ce."

Bai ɗago kai ba. Ta shige gida. Masarar ta tsaya a inda take, ta yi 'yan goyo ƙanana, kuma kafin kaka labarin ya zaga kasuwannin Funtua da Malumfashi da Bakori, har masu kawo masa gyaran ɗan kunne suka daina.

Abin da aka samu a wannan aji shi ne abincin 'yan makonni, da zobe ɗaya a hannun wata yarinya a Kafur. Abin da ya rage a gidan kuwa maƙera ce da ba a hura ta, da masarar da ba ta kai su tsakiyar rani ba, da mundaye biyu da suka fara yin ja a cikin adaka, waɗanda Hansai ba ta sake buɗewa ta duba ba.