Dafaffiyar Alkamar Teleorman

Lado mutumin wani ƙauye ne a bakin kogin Haɗeja, amma abinci ya kai shi Riyad, inda yake tuƙi a wani kamfanin gyaran injinan ban-ruwa. Ɗakinsa a unguwar Shifa yake, shi da wasu 'yan Bangladash da ba ya jin yarensu. Hausa kuwa sai ranar Juma'a, in ya yi sa'ar haɗuwa da 'yan gida a ƙofar masallaci.

A shekarar 2014 aka haɗa shi da wani Bature mai suna Dorel, makanikin famfo daga ƙasar Romaniya. Kullum da safe Lado zai ɗauke shi a masaukinsa da ke unguwar Badi'a ya kai shi gonakin Kharj, da yamma ya dawo da shi. Dorel dattijo ne gajere mai kaurin hannu, ba shi da yawan magana. Sun daɗe ba abin da ke haɗa su sai "yalla" da "shukran".

Wata rana suna wuce wata gonar alkama da ake shayarwa a tsakiyar rairayi, sai Dorel ya yi tsaki. Da guntun Larabcinsa ya ce, "Wannan ba gona ba ce, wahala ce. A garinmu ƙasa baƙa ce wuluk. Ka jefa iri ka tafi abinka."

"Wane gari ke nan, Muhandis?" in ji Lado, don haka ake kiran injiniya da Larabci.

"Teleorman."

Daga ranar bakinsa ya buɗe. A kan wannan hanya Lado ya san Teleorman kamar ya taɓa zuwa. Lardi ne a kudancin Romaniya, fili shimfiɗe ba tudu ba dutse, kogin Danube ya yi masa iyaka da ƙasar Bulgariya. Dorel ya ce ma'anar sunan "mahaukacin daji", don a da kurmi ne baƙi ƙirin, sai aka sare shi aka maye gurbinsa da alkama da masara. Ya ba shi labarin kakansa na wajen uba, wanda yana yaro ya ga manoma sun yi bore sun ƙone gidajen masu filaye, sojoji suka zo da bindigogi. Ya faɗa masa yadda gwamnatin gurguzu ta karɓe gonaki da shanu ta haɗa su wuri guda, da yadda aka mayar wa mutane bayan ta faɗi, lokacin da masu ƙarfin noman sun tsufa.

"To yanzu wa ke noma?" Lado ya tambaye shi.

"Manyan kamfanoni. Matasa duk suna Italiya da Sifen. A layinmu gida goma, hayaƙi daga biyu kawai yake fita. Ɗaya na mahaifiyata ne."

Lado ya tuna fadamarsu, wadda tun da ya taho ƙanensa Buraima ke fama da ita shi kaɗai.

Cikin sanyin farkon shekara mahaifiyar Dorel ta rasu. Wata tsohuwa maƙwabciyarta ce ta lura kwana biyu ba a share dusar ƙanƙara daga ƙofar gidan ba. Dorel ya nemi tafiya, amma ba a fita ƙasar sai da izinin kafil, wato mai kamfanin da ke riƙe da takardunka, kafil ɗin kuwa ya yi tafiya. Lado ya yi ta yawo da shi daga wannan ofis zuwa wancan, ana ce musu su dawo gobe. Kafin izinin ya fito an riga an binne ta. Tsofaffi ne suka haƙa kabarin, ƙasa ta daskare, sai da suka hura wuta a kai.

Dorel bai tafi ba. Ya ce ya je ya ga wa? Ya koma shirunsa na farko, hanyar Kharj ta ƙara wa Lado tsawo.

Bayan 'yan makonni, wata Alhamis, ya ce, "Lado, kai ni kasuwar Utaiƙa."

A kasuwar ya sayi alkama, da sukari, da wata gyaɗar itace mai ɓawo mai tauri. Washegari bayan an sauko Juma'a ya kira Lado a waya, ya roƙe shi ya zo Badi'a. Lado bai taɓa shiga ɗakinsa ba. Gado ne da kujera ɗaya, sai faranti a kan tebur, cike da dafaffiyar alkama an yayyafa mata sukari.

"Yau kwana arba'in," in ji Dorel. "A wurinmu ana dafa wannan a raba wa mutane, su ci su tuna da mamaci. Ban san kowa ba a garin nan. Ba giya a ciki, ba nama. Na san addininka daban, in ba za ka iya ba, ba komai."

Lado ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon farantin. Zuciyarsa ta yi ta kai-kawo, don bai san hukuncin abin ba, ba kuma malamin da zai tambaya a lokacin. Amma ya san sadakar arba'in, ya san yadda gida yake zama in an yi waina ba wanda ya zo karɓa. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ya yi bisimilla ya ɗiba.

"Yaya sunanta?" ya tambaya.

"Floarea."

"Allah ya ba ka haƙuri, Muhandis."

Dorel ya sauko daga kujera ya zauna kusa da shi. Ya ce ita ce ke ajiye irin masarar gidansu a rufin ɗaki, tun zamanin da aka hana kowa mallakar gona. Yanzu ɓeraye za su cinye. Yana magana hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Alkamar ta ɗan yi tauri, sukari ya yi yawa, amma Lado ya ci har ya ƙoshi. Ragowar ya ƙulla a leda ya kai wa abokan ɗakinsa, suka cinye ba su tambayi ko ta mece ce ba.

Da zafi ya shigo, kwangilar Dorel ta ƙare, ya ƙi sabuntawa. Ya ce zai je ya ga ko rufin gidan bai faɗi ba. Ranar tafiyarsa kuwa an tura Lado Damam ya kai kaya. Da ya dawo ya biya Badi'a, mai gadin gidan ya ce masa Baturen ya tafi tun jiya, ya daɗe tsaye a bakin titi da jakarsa kafin ya tare tasi.

Lambar wayar Dorel da Lado ke da ita ta Saudiyya ce, an riga an rufe ta. Ya zauna cikin motar na ɗan lokaci, injin na aiki. Da aka kira la'asar ya kashe motar, ya nemi masallacin unguwar ya shiga sahu.